Mai Zane a Aji da Majami'a: Nazari a kan Rayuwa da Zane-zanen Addini na Bruce Onobrakpeya

1.0 Gabatarwa

Idan aka bi diddigin tarihin fasahar zane ta zamani a Nijeriya, za a tarar da cewa wurare biyu sun yi mata reno tun tana ƙarama, wato makaranta da majami'a. Tun daga zamanin Aina Onabolu, wanda ya yi ta faman ganin an sa darasin zane a makarantun Legas a shekarun 1920, da yawa daga cikin fitattun masu zane na ƙasar nan sai da suka riƙe alli a aji kafin duniya ta san su. Majami'a kuwa tana cikin waɗanda suka fara miƙa musu bango da ƙyamare da tagogi domin su ƙawata. Daga cikin waɗanda suka ratsa waɗannan wurare biyu, da wuya a sami wanda rayuwarsa ta fi dacewa da nazari kamar Bruce Onobrakpeya.

An saba raba ayyukan wannan bawan Allah gida biyu. A gefe guda ana yaba masa a matsayin gwanin bugun zane wanda ya ƙago sababbin dabaru, a ɗaya gefen kuma ana ambaton shekarun da ya yi yana koyarwa tamkar wata hanya ce kawai ta neman abin sakawa a bakin salati. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa rabon bai yi daidai ba. Zane-zanen da ya yi wa Cocin Katolika darussa ne na malami, an tsara su da dabarun aji, kuma ƙarfinsu da rauninsu duk daga nan suka samo asali. Za a mayar da hankali a kan jerin zanen nan nasa da ake kira Hanyar Gicciye.

Kafin a shiga cikin nazarin, ya kamata a fayyace abubuwa biyu. Na farko, Musulunci da Kiristanci sun saɓa a kan batun gicciye, haka kuma sun saɓa a kan halaccin zana siffar annabawa. Maƙalar ba ta shiga wannan fage ba, tana auna aikin ne da ma'aunin mutanen da aka yi shi dominsu. Na biyu, kalmar zane a Hausa tana ɗaukar ma'anoni da dama. A nan an yi amfani da "zanen fenti" ga hoton da aka yi da buroshi wanda kwafinsa ɗaya ne tak, sa'annan "bugun zane" ga hoton da aka sassaƙa a jikin wani abu, aka shafa masa tawada, aka danna a takarda, ta yadda za a iya fitar da kwafi masu yawa.

2.0 Taƙaitaccen Tarihin Mai Zanen

2.1 Haihuwa da Tasowa

An haifi Bruce Onobrakpeya ranar 30 ga watan Agusta, 1932, a garin Agbarha-Otor na ƙasar Urhobo, cikin Jihar Delta ta yanzu. Mahaifinsa masassaƙi ne, saboda haka ya buɗi ido ya ga ana sarrafa icce ana fitar da siffofi daga cikinsa. Ya tashi a kan tarbiyyar Kirista, amma a cikin al'ummar da tatsuniyoyi da bukukuwa da wuraren bautar gargajiya suke raye. Ya yi karatun sakandare a Birnin Benin, garin da ya shahara tun ƙarnoni da suka wuce wajen zubin tagulla da sassaƙar hauren giwa. Da ya gama, sai makarantar tasa ta riƙe shi ya koyar da zane daga 1953 zuwa 1956, daga nan ya yi wani ɗan lokaci yana koyarwa a Ondo. Abin lura a nan shi ne, ya zama malami tun kafin ya sami horo mai zurfi a fasahar kanta. Wato ke nan ya fara sanin yadda ake fahimtar da yaro kafin ya san ƙa'idojin da Turawa suka shimfiɗa wa zane.

2.2 Zaman Zariya

A shekarar 1957 ya sami shiga Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Nijeriya da ke Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Mafi yawan malaman sashen zane Turawa ne, manhajar kuma irin ta makarantun Ingila ce: auna gaɓoɓin jiki, da lura da haske da inuwa, da nuna nisa da kusa a kan shimfiɗaɗɗiyar takarda. A 1958 wasu ɗalibai suka kafa Ƙungiyar Fasaha ta Zariya, waɗanda daga baya aka yi musu laƙabi da 'yan tawayen Zariya. A cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Simon Okeke da Oseloka Osadebe da shi Onobrakpeya. Ra'ayinsu shi ne, kayan aro ba ya rufe katara. Mai zane ya karɓi kayan aiki da dabarun Turawa, amma ya koma gida ya ɗebo siffofi da labaran mutanensa, ya bar su su gauraya ba tare da tilas ba. Uche Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, shi kuwa Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo, musamman na kunkuru da damisa da maharba.

Shi kansa garin Zariya makaranta ne ga mai ido. Ɗalibin da ya fito daga ƙasar da ake sassaƙa siffar mutum ya sami kansa a cikin al'ummar da adonta ya dogara ga layi da ƙulli da maimaici, kamar yadda ake gani a zanen bangon zauruka da ɗinkin manyan riguna da aikin dukawa. Duk wanda ya saba da irin wannan ado, idan ya dubi yadda Onobrakpeya yake cika fuskar hotonsa da ƙananan alamomi har ba ya barin fili, ba zai ji baƙunci ba.

2.3 Shekarun Koyarwa a Legas

Bayan ya kammala karatun zane ya kuma ƙara da takardar shaidar malanta, ya kama aiki a 1963 a Kwalejin St. Gregory da ke Obalende a Legas, makarantar 'yan mishan na Katolika, inda ya zauna har 1980. Shekara goma sha bakwai ke nan yana koyar da yara maza 'yan sakandare. Cikin waɗanda suka ratsa ajinsa akwai David Dale, wanda shi ma ya je Zariya ya kuma yi suna a bugun zane.

A waɗannan shekaru ne ya ƙware a zana hotunan littattafai. Shi ya yi hotunan An African Night's Entertainment na Cyprian Ekwensi a 1962, littafin da manazarta suka daɗe da nuna kamanninsa da Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East. Shi ne kuma ya yi na Forest of a Thousand Daemons, fassarar da Wole Soyinka ya yi wa littafin D. O. Fagunwa, a 1968. Aikin mai zana hoton littafi shi ne ya zaɓi lokaci guda daga cikin labari, ya tsayar da shi cak, ta yadda yaro zai gane abin da ke faruwa ko da bai iya karatu sosai ba. Wannan horo ya yi masa rana lokacin da coci ta neme shi.

3.0 Cocin Katolika da Neman Fasahar Gida

Ba za a fahimci aikin Onobrakpeya ba sai an san halin da ya tarar. Shekaru da dama 'yan mishan suna shigo da hotuna da mutum-mutumai daga Turai, inda ake nuna Yesu da Maryamu da manzanni da farar fata da dogon gashi. A lokaci guda kuma ana koya wa sababbin Kiristoci cewa sassaƙar iyayensu kayan tsafi ne da ya wajaba a rabu da su. A 1947 ƙungiyar 'yan mishan ta SMA ta gwada wata sabuwar hanya, ta buɗe wurin horo a Oye-Ekiti ƙarƙashin Fada Kevin Carroll da Fada Sean O'Mahoney, inda aka ɗauki masassaƙa da masaƙa da masu aikin duwatsun ado na Yarabawa domin su yi wa coci aiki da salonsu na gado. A nan ne Lamidi Fakeye, wanda Musulmi ne, ya zauna hannun George Bandele, ya kuma shahara da sassaƙa ƙyamaren majami'u. Sai dai shirin ya gamu da suka daga cikin gida, aka rufe wurin a 1954.

Iska ta juya bayan Babban Taron Batikan na Biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965. Taron ya amince a yi ibada da harsunan gida, ya kuma bayyana cewa coci ba ta keɓe wani salon fasaha a matsayin nata ba, ƙofa a buɗe take ga fasahar kowace al'umma. Wannan ya ba Fada Carroll damar sake ɗaukar aikinsa, amma a wannan karon ya juya ga matasan da suka yi karatun zane na zamani. Ta haka ne aka ba Onobrakpeya aikin zana Hanyar Gicciye domin Cocin St. Paul da ke Ebute Metta, ya yi shi da fenti a 1967, sa'annan ya sake fitar da jerin a bugun zane a 1969. A tsakanin waɗannan shekaru kuma ya zana hotunan littafin koyar da addini na ɗaliban makarantun Katolika mai suna May Your Kingdom Come.

4.0 Nazarin Hanyar Gicciye

4.1 Ma'anarta da Aikinta

Hanyar Gicciye jerin hotuna ne goma sha huɗu da ake kafawa a kewayen bangon cocin Katolika. Suna bin labarin Yesu tun daga hukuncin Bilatus, da ɗaukar gicciye, da faɗuwa sau uku, da gamuwa da mahaifiyarsa Maryamu, da taimakon Saminu Bakurane, da matan Urushalima masu kuka, har zuwa mutuwa da binnewa. Paparoma Clement na 12 ne ya tsayar da adadin a kan goma sha huɗu a 1731. Masu ibada sukan bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, musamman ranakun Juma'a na lokacin azuminsu na kwana arba'in, suna tsayawa a gaban kowane suna addu'a. Saboda haka mai zanen ba shi da 'yancin zaɓen labari, ko adadin hotuna, ko jerinsu. Abin da ya rage masa shi ne fuska da sutura da muhalli, kuma a nan ne Onobrakpeya ya zuba hikimarsa.

4.2 Fuska da Sutura

Abu na farko da mai kallo zai lura da shi shi ne, mutanen da ke cikin hotunan baƙaƙen fata ne, sanye da tufafin mutanen Nijeriya, an kuma kewaye su da irin alamomin da ake gani a jikin adire, wato zanin rinin shuni na matan Yarabawa. Ba wannan ne karo na farko da mai zane ya yi haka ba a tarihin Kiristanci. Masu zanen Italiya sun sa Maryamu a cikin gine-ginen garuruwansu, na ƙasar Holan sun sa ta a ɗakunan attajiransu, Habashawa kuwa sun yi ƙarnoni suna zana waliyyansu da kamannin Habashawa. Abin da ɗan Legas ya ɗauka shi ne ainihin kamannin Yesu, a haƙiƙa kamannin mutanen ƙasar da aka buga hoton ne.

Dabarar da Onobrakpeya ya bi ita ce wadda ake koya wa kowane malami a kwalejin horo, wato a fara da abin da ɗalibi ya sani a kai shi ga abin da bai sani ba. Uwar da ke kallon ɗanta ana jan sa zuwa wurin kisa, idan ta ɗaura zani irin na matan unguwa, baƙin cikinta ya tashi daga labarin wata ƙasa mai nisa ya zama abin da aka taɓa gani a ƙofar kotu ko a bakin kurkuku. Masu iya magana sun ce gani ya kori ji, amma ganin da ke korar ji shi ne ganin abin da ido ya shaida.

4.3 Kakin Masu Kisa

Wurin da ya fi jan hankalin manazarta shi ne yadda ya tuɓe wa sojojin Rumawa sulke da kwalkwali, ya sa musu kaki irin na zamanin mulkin mallakar Ingila. Ta fuskar koyarwa wannan zaɓi ya yi ma'ana ƙwarai. Ƙasar Yahudiya a lokacin tana ƙarƙashin mulkin Rumawa, Bilatus kuma gwamna ne da aka turo daga waje. Mutumin da ya rayu a ƙarƙashin Razdan da Di'o ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane irin wannan hukunci da irin waɗannan masu zartar da shi.

An fi fassara wannan kaki da cewa suka ce ga Turawa, kuma lalle akwai ƙarfin hali a ce an kafa irin wannan hoto a cocin da Turawa suka kafa, shekara bakwai kacal bayan samun mulkin kai. Amma tsayawa a nan rage wa hoton nauyi ne. Ko a zamanin mulkin mallaka, hafsoshi ne kaɗai Turawa, waɗanda ke riƙe da kulki da bindiga 'yan ƙasa ne. Ita kanta rundunar sojan Nijeriya tana danganta asalinta ga ƙaramar rundunar da John Glover ya kafa a Legas a 1863, wadda aka sani da Hausawan Glover. Bayan tafiyar Turawa kuwa kakin bai tafi ba. A 1966 an yi juyin mulki sau biyu, aka zubar da jini mai yawa. A watan Yulin 1967 yaƙin basasa ya ɓarke, a watan Agusta sojojin Biyafara suka shiga Jihar Tsakiyar Yamma, wato jihar su mai zanen, a watan Oktoba kuma aka yi kisan Asaba. Bugun 1969 ya fito ana tsakiyar yaƙin. Mai ibadar da ya ɗaga kai a wannan lokaci ya ga mutum cikin kaki yana jan marar laifi, ba sai ya tuna da Bature ba. A ganin wannan maƙala, nan ne hoton ya fi kaifi, domin ya hana mai kallo ya ɗora laifin a kan baƙo ya wanke hannunsa kamar yadda Bilatus ya yi.

4.4 Yawan Ado

Duk da wannan nasara, akwai inda za a iya kushe aikin. Onobrakpeya mutum ne mai son cika fili. Tufafi da ƙasa da sararin bayan mutane duk sukan ɗauki ado, layi a kan layi, alama kusa da alama. A hoton tatsuniya wannan abin so ne, domin ido yana yawo yana tsintar sabon abu kamar yadda kunne yake yi a dandali. Hoton ibada kuwa yana da wata bukata daban. Mai addu'a yana neman wuri guda da zai kafa wa ido, galibi fuska ko rauni, ya nutsu a kansa. Idan ado ya yi yawa, yakan raba hankali, har kyan aikin ya danne zafin labarin. Ga ɗalibi a aji, hoton da ke da abubuwa da yawa na tambaya shi ne hoto mai kyau. Ga tsohuwar da ta durƙusa ranar Juma'a, mai yiwuwa ba haka ba ne. A nan malamin ya ɗan rinjayi mai zanen ibada.

Har ila yau akwai batun wace al'ada ce ta gida. Mai zanen Ba'urhobo ne, adon na Yarabawa ne, Ebute Metta kuwa unguwa ce ta hedikwatar jirgin ƙasa, mai tara ma'aikata daga kowane sashe na ƙasar. Abin da ya fito ba na wata ƙabila ɗaya ba ne, ƙoƙari ne na ƙera fuskar ɗan Nijeriya a daidai lokacin da ƙasar take neman wargajewa. Wannan buri ne irin na 'yan Zariya, kuma abin yabo ne, sai dai yana nufin babu wani mai ibada da zai ce hoton ya yi magana da harshen uwarsa tsantsa.

5.0 Yadda Masu Ibada Suka Karɓi Aikin

Hotunan ba su sami karɓuwa wurin kowa ba. Wasu daga cikin masu ibada sun ƙi su, sun fi son irin na Turai da suka saba da su. Sun yi sama da shekara arba'in a bangon cocin, daga baya aka sauke su. Abu ne mai sauƙi a zargi waɗannan mutane da raina nasu, amma adalci ya bukaci a duba tarihinsu. Tushen Katolika a Legas yana da alaƙa da Agudawa, wato 'yantattun bayin da suka dawo daga Barazil a ƙarni na 19 ɗauke da al'adar hotuna da mutum-mutumai irin na Turai. Sauran kuwa, su ko iyayensu, an sa su sun rabu da kayan gado a matsayin sharaɗin shiga addini, wasu har sun ɓata da danginsu a kan haka. Ranar da aka wayi gari limamin cocin da kansa ya dawo da salon da ya yi kama da abin da aka raba su da shi, dole su tambaya ko wahalar da suka sha ta banza ce.

Ke nan darasin ya yi kyau, amma ba a shirya ajin ba. Shawarar ta fito ne daga sama, daga limami Bature da mai zane ɗan boko, ba daga masu durƙuso ba. Abin mamaki kuma shi ne, a wajen ƙasar aikin ya sami girmamawa. A 1977 ya zana rayuwar Manzo Bulus domin bikin cikar Paparoma Paul na 6 shekara 80, aka ba shi lambar yabo. A 2023 gidan adana kayan fasaha na High da ke Atlanta a Amurka ya shirya baje koli na musamman a kan ayyukansa na addini, a 2024 kuma aka nuna su a gidan fasahar Afirka na Smithsonian da ke Washington. Sai dai hoton da aka yi domin a yi addu'a a gabansa, idan ya koma gidan kallo, ya sami daraja amma ya rasa aikinsa na asali.

6.0 Bugun Zane da Yaɗa Ilimi

Abin da ya sa Hanyar Gicciye ta wuce bangon coci guda shi ne bugun zane. A farkon shekarun 1960 Onobrakpeya ya halarci tarurrukan horo da Ulli Beier ya shirya a Ibadan da Oshogbo, inda wani gwani ɗan ƙasar Holan, Ru van Rossem, ya koyar da dabarun bugu. Bugun 1969 an yi shi ne da leda mai kauri irin ta shimfiɗa a ɗaki. Mai zane yakan sassaƙe wuraren da yake so su fito fari, ya shafa tawada a sauran, ya ɗora takarda ya danna. Aikin ya fi kusa da sana'ar mahaifinsa fiye da zanen buroshi, kuma yana tilasta layi mai kauri da siffa bayyananniya, irin wadda ɗalibin da ke bencin baya zai hango.

A 1967 wani kuskure ya buɗe masa sabuwar hanya. Ruwan asid ya cinye masa farantin ƙarfen da yake aiki a kai, ya cike ramukan da gam mai ƙarfi, da ya buga sai ya ga hoton ya fito da tudu da kwari a jikin takarda. Daga nan ya inganta dabarar da ya sa wa suna filastogiraf, wadda ta zama tambarinsa. Muhimmancin bugu a nan ya wuce na dabara. Zanen fenti na mai kuɗi ɗaya ne ko na bango ɗaya, bugu kuwa yana shiga littafi da aji da gidan mai ƙaramin ƙarfi. Zaɓi ne irin na malami, wanda burinsa abin da ya sani ya kai ga mutane da yawa.

Barin aikin makaranta a 1980 bai raba shi da koyarwa ba. Ɗakin aikinsa da ke Mushin a Legas ya zama wurin da matasa ke zama suna koyo kamar almajirai a gaban gwani. A shekarun 1980 ya juya ga matsalar fari da gurgusowar hamada a jerin ayyukan da ya danganta da yankin Sahel, daga baya kuma ga ɓarnar da haƙar mai ta yi wa yankin Neja Delta. A 1989 Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa, a 1990 aka nuna aikinsa a babban baje kolin Venice na Italiya. A 1998 ya buɗe taron horo na shekara-shekara a mahaifarsa Agbarha-Otor, wanda ya raɗa wa sunan hunturu, inda masu digiri da waɗanda ba su taɓa shiga aji ba suke zama a tabarma ɗaya suna koyon bugu da sassaƙa da ginin tukwane da rini. A 2017 aka ba shi lambar yabo mafi girma da Nijeriya ke bai wa masana.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi rayuwar Bruce Onobrakpeya daga Agbarha-Otor zuwa Benin da Zariya da Legas, ta nuna cewa malanta ce zaren da ya ɗinke ayyukansa. An ga yadda ya yi amfani da fuska da sutura da kaki wajen kusanto da labarin gicciye ga mutanensa, da yadda kakin ya ɗauki ma'ana mai nauyi a shekarun yaƙin basasa. An kuma nuna raunin aikin ta fuskar yawan ado, da dalilan tarihi da suka sa wasu masu ibada suka juya masa baya.

Matsalar da ya fuskanta ba ta masu zane kaɗai ba ce. Mai fassara littafin addini zuwa harshen gida, da mai sa waƙar ibada a karin gargajiya, da maginin da ke son ya gina wurin ibada da salon garinsu, duk sukan tarar da cewa jama'a sun riga sun ɗaura tsarki a jikin baƙon salo, har suna ganin na gida bai kai ba. Tarihin Cocin St. Paul ya nuna cewa gwaninta kaɗai ba ta warware wannan ƙulli, sai an haɗa da haƙurin zama da mutane a yi musu bayani tun kafin a kafa hoto a bango. Wataƙila wannan ne ya sa ƙoƙarin Onobrakpeya na baya ya karkata ga tara matasa a horar da su, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.